Yadda na hana kaji tone mana alayyahu

Ranar Lahadi muka dawo daga coci, muka tarar kaji sun tone fangalin alayyahun da muka shuka a bayan gida. Auta har da kuka, don ita ke ba shi ruwa kullum.

Na yi shinge da karan dawa, suka riƙa tsallakewa. Sai na kama su da dare a akurki, na datse dogayen gashin fiffike ɗaya kawai da almakashi, ban kai ga tsoka ba. Da sun yunƙura sai su karkace. Sabon yayyafin kuma na lulluɓe shi da tsohon gidan sauro.

Jiya a addu'ar dare Auta ta gode wa Ubangiji saboda 'yan ganyen da suka fito.