Yadda Ƙungiyoyin Agaji Za Su Yi Aiki da Rajista Ɗaya Lokacin Ambaliya a Zariya

Idan ruwan Agusta ya sauka kogin Kubanni ya tumbatsa, sau da yawa unguwar bakin titi kan karɓi shinkafa har sau uku, ta cikin lungu kuwa ko tabarma ba ta gani ba. Dalili shi ne kowace ƙungiya da nata jerin sunayen. Maganinsa rajista ɗaya tak.

A zauna tun watan Mayu, kafin damina ta kankama: Red Cross, 'yan agajin Izala, Fityanul Islam da Jama'atu, ƙungiyoyin coci, jami'an hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA), da wakilan ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, tunda ruwa bai san iyaka ba. A naɗa mai riƙe rajista da mataimakinsa. A buɗe zauren WhatsApp guda, mutum biyu daga kowace ƙungiya, ban da tura wa'azi ko jita-jita.

Wurin ƙidaya ake yawan yin tuntuɓe. Kada a ƙirga da ƙofar gida, a ƙirga da tukunya, wato iyalin da ke girki tare, domin zaure ɗaya a cikin birni kan rufe iyali biyar. Kowace tukunya a ba ta lamba, don suna kaɗai ba ya rarrabewa. A'isha Muhammad nawa ce a layi ɗaya? A rubuta yawan mutane, yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu da tsofaffi. Mai unguwa ya tantance, amma lallai mace ta shiga daga ciki. In ba haka ba, zawarawa da matan da mazansu suka yi tafiya su ake mantawa.

Sannan takardar aiki mai layi biyar: wa ya kai, me ya kai, ina, yaushe, ga tukunya nawa. A sabunta ta kullum bayan sallar isha'i. Abin da ya isa hannu kawai ake shigarwa. Alkawari a ajiye shi a shafi daban, domin idan aka rubuta shi kamar an kai, sauran ƙungiyoyi sai su tsallake unguwar.

A yi lissafi da ma'auni ɗaya. Ƙa'idar Sphere, wadda ƙungiyoyin agaji na duniya ke bi, ta ce aƙalla lita 15 na ruwa ga mutum a rana, da masai ɗaya ga mutum 20. Mutum 200 a makarantar firamare ke nan suna buƙatar lita 3,000, wato jarka 150 mai cin lita 20, da masai 10.

Sunaye, lambobin waya da hotuna su tsaya wajen mai riƙe rajista, a zauren WhatsApp a tura alƙaluma kawai. Mutuncin mutane ne, kuma akwai dokar kare bayanai ta 2023.

Abu ɗaya ne ba ya jiran isha'i. Da an ga gudawa tsululu kamar ruwan shinkafa, alamar kwalara, a fara ba da ruwan gishiri da sukari, a garzaya asibiti, a kuma kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma nan take.