Ƙara wa mota doki a zafin Garwa da Njamena: abin da ke aiki da abin da ke cin inji

Inji ba ya ba da ƙarfi sai gwargwadon iskar da ya shaƙa da man da ya ƙone da ita. Injin fetur yana son kusan kilo 14.7 na iska kan kowane kilo guda na mai. In ka ɗura masa mai ba ka ƙara iska ba, hayaƙi da zafi kawai za ka samu. Saboda haka duk kayan da aka tallata maka cewa yana ƙara doki, ka tambaya ta wace hanya yake shigar da ƙarin iska cikin silinda, kuma ina zafin da zai haifar zai tafi.

Adadin dawakin da ke kan takardar mota, 7 ko 9 ko 11, lissafin haraji ne, ba shi ne ƙarfin injin ba. Ƙarfin gaskiya yana cikin littafin kamfani: injin 1HZ mai lita 4.2 na Land Cruiser yana da kusan doki 130, Hilux 2.5 D-4D na farko kuwa 102. An auna waɗannan a iska mai digiri 20 zuwa 25, kusa da matakin teku. A watan Afrilu, ranar da Marwa ko Kusiri suka kai digiri 44, kaurin iskar ya ragu da kusan kashi 6 cikin 100 tun ba a tada mota ba. Tudu ma yana cin nasa: injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke matsa ƙarin iska cikin silinda, yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300, don haka motar da ta hau dutse daga Garwa zuwa Ngawundere, mai tsayin kusan mita 1,100, ta bar kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta a ƙasa.

Aikin farko shi ne dawo da dawakin da suka ɓace. A sa ma'auni a gwada matsin kowace silinda da inji yana da zafi. A injin fetur ana sa ran ba (bar, ma'aunin matsi) 10 zuwa 13, kuma kada bambancin silinda da 'yar'uwarta ya wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta faɗi, ringi ne ko bawul, kuma duk abin da aka ɗora a kan wannan inji asarar kuɗi ne. Daga nan sai fulogi, filtar mai, nozul, gibin bawul da saitin lokacin wuta ko na famfo. A ɗaga mota a juya kowace taya da hannu, domin birkin da ke kamawa kaɗan yana cinye ƙarfi fiye da abin da sabuwar salansa za ta ba ka. Manyan tayoyin da ake sa wa Hilux don ado su ma suna sa mota nauyin tashi alhali injin lafiyarsa lau.

Bayan wannan a auna, tun kafin a sauya komai. Nemi shimfiɗaɗɗen titi mara cunkoso, da sassafe, kaya iri ɗaya, tanki rabi. A giya ta uku, taka totur har ƙasa daga gudun kilomita 50 zuwa 90, wani na riƙe da agogon waya. Yi sau uku zuwa, sau uku dawowa, ka ɗauki matsakaici. Kunne yana yaudara, mota mai ƙara kullum ji ake kamar ta fi gudu.

Filtar nan mai siffar mazurari da ake ɗaurawa a buɗe cikin bonet ita ce aka fi saye, ita ce kuma mafi ƙarancin amfani a nan. Tana zuƙar iskar da ke kewaye da inji, wadda ta fi ta waje zafi sosai, abin da ta samu na sauƙin shaƙa sai ta rasa shi a nan. Ramukanta sun fi na filtar takarda faɗi, ƙurar hunturu da ta hanyar burji na wucewa ta goge ringi da bangon silinda, man da ake shafa mata kuma yana ɓata na'urar auna iska. Bar akwatin kamfani, sa filtar takarda mai kyau, ka riƙa sauya ta kafin lokacin da littafi ya ce. Bututun shaƙa da ake ɗagawa saman rufi yana rage ƙura, yana taimakawa a ƙetare ruwa da damina, amma doki ba ya ƙarawa.

Salansa ta danganta da irin injin. A ƙaramin injin fetur mara turbo, bututu mai faɗi fiye da kima yana rage saurin fitar hayaƙi, motar ta yi sanyin tashi a ƙananan giya. Cire matatar hayaƙi mai lafiya ba ya ba da abin a zo a gani, sai fitilar inji da wari. In ta toshe ne kaɗai za ka ji bambanci. A dizal mai turbo kuwa, bututun milimita 63 zuwa 76 tun daga bakin turbo yana sa turbo ya kama da wuri, zafin hayaƙi ya sauka.

Sauya manhajar kwamfutar inji shi ne ke ba da ƙari na gaske, amma ga mai turbo: kashi 15 zuwa 25 cikin 100 abu ne da aka saba gani, domin ana ƙara matsin iska da mai tare. Injin fetur mara turbo da ƙyar ya samu kashi 5. Toyota da kanta ta fitar da injin 2.5 ɗin nan a doki 102, 120 da 144, sai dai ba manhaja kaɗai ta sauya ba: ta ƙara na'urar sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin inji, daga baya ta sa wani turbo daban. Wanda ya ce zai kai maka mai 102 zuwa 144 da kwamfuta kawai, fistin ɗinka yake wa ciniki. Kafin a rubuta sabuwar manhaja, a kwafe ta asali a ba ka ajiya. Ƙananan akwatunan da ake jonawa a waya ɗaya yawanci ƙarya suke wa kwamfuta kan zafin iska ko matsin mai, nozul da famfo ne ke biyan kuɗin.

Mai ma yana da ta cewa. Manhajar da aka rubuta don fetur mai oktan 98 na Turai, wato mai jure matsi sosai, tana gaggauta wuta. In aka zuba mata zuwa-zuwa na kwalba da ba a san haɗinsa ba, inji zai fara ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ja wutar baya, ƙarfin da ka saya ya tafi. In ba ta ja da wuri ba, kan fistin ya ci wuta. Nozul ɗin D-4D kuwa ba ya jure ruwa ko kananzir a cikin gas, don haka a ƙara filta ta biyu mai raba ruwa tun kafin a yi maganar manhaja.

A tsoffin injuna masu famfon mai da ba kwamfuta ke sarrafa shi ba, irin su 1HZ da 5L, abin da makanikai suka fi yi shi ne murɗa sukurun mai. Motar za ta ɗan ƙara ja, amma baƙin hayaƙin da ke bin ta gas ne da bai ƙone ba, kuma zafi yana taruwa a kan inji. In za a taɓa shi, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a lokaci guda, a yi wa wurin asali alama da fenti.

Ɗora wa 1HZ turbo yana yiwuwa, kuma yana iya ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfi, amma ba a ƙera injin don haka ba. Matsin silindarsa ya haura 22 bisa 1, alhali ɗan'uwansa 1HD-T da aka yi da turbo tun daga kamfani 18.6 ne, da fistin masu ƙwari. Kada matsin turbo ya wuce ba 0.5 zuwa 0.7. Dole a sa agogon zafin hayaƙi, a huda masa gurbi a bakin fitar hayaƙi kafin turbo, direba kuma ya san cewa in allura ta doshi digiri 700 a kan hawa da kaya, sai ya sassauta totur ya sauko giya ɗaya. Fistin da kan inji suna tsagewa ne a irin wannan hawan, tun agogon ruwa bai motsa ba. Na'urar sanyaya iska a ƙasarmu ba ado ba ce: iskar digiri 40 da aka matse zuwa ba 1 tana fitowa daga turbo da zafin da ya haura 120. A ɗaura na'urar inda iska ke bugun ta, ba tare da ta toshe lagireto gaba ɗaya ba.

Ƙarin kashi 20 na ƙarfi yana tafe da kusan wannan adadi na zafi. A wanke lagireto ciki da waje, a duba fanka da murfinsa, a zuba ruwan sanyaya na gaske, ba na rijiya mai barin farar ƙasa a bututu ba. Al'adar cire tamostat a daina ta: a injuna da yawa ita ce ke rufe gajeriyar hanyar ruwa, in babu ita wani ruwan yana zagayawa bai shiga lagireto ba. Baƙin mai a riƙa juye shi duk kilomita 5,000. Bayan doguwar tafiya a bar inji yana aiki a tsaye minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don kada mai ya ƙone a cikin turbo.

Kulos ne ke fara nuna gajiya. Gwada shi a giya ta huɗu ana tafiya a hankali: taka totur har ƙasa, in allurar juyin inji ta tashi gudu bai ƙaru ba, yana zamewa, sai a sa faranti mai ƙarfin matsi. Birki kuma a sauya masa mai duk shekara biyu, a sa takalma masu jure zafi kafin motar ta fara saukowa daga dutsen Ngawundere da lodi.