Yadda za ka hana seshon mutuwa bayan sabar ta jefo kuskure

Abin da ke ba mutane ciwon kai shi ne, mai amfani ya shiga, ya cike rabin fom, kira ɗaya zuwa sabar ya faɗi, kira na gaba sai sabar ta yi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. HTTP dama ba ya tuna kowa. Seshon shi ne zaman da sabar ke riƙe wa mai amfani, kuma lambarsa, irin su JSESSIONID a Java, ita ce galibi ke haɗa kira da kira; tana cikin kuki, wato ɗan bayanin da sabar ke bayarwa a dinga dawo mata da shi a kowane kira.

To fara duba ɓangaren mai kira tukuna, wato manhajar da ke tura wa sabar buƙata, don sau da yawa seshon ɗin na nan da ransa, kai ne ka daina tura kukin. A JAX-WS, kayan aikin Java na kiran sabis ta yanar gizo, sai ka sa SESSION_MAINTAIN_PROPERTY ya zama true, a .NET kuma ka riƙe CookieContainer guda ɗaya. Wasu da zarar sun ga kuskure mai lamba 500 daga sabar sai su ƙirƙiri sabon furoksi, wato abin da suke kiran sabar ta cikinsa, shi ke nan kuki ya tafi, sai kuma a ɗora wa sabar laifi.

Inda aikin yake sosai shi ne cikin sabar. Dole ka raba kuskure biyu: wanda ka san zai iya faruwa, kamar bayanin da aka shigar ba daidai ba, da wanda ya faɗo ba zato. A EJB mai riƙe bayani, wato ɓangaren manhajar Java a sabar da ake kira bin (bean), idan kuskuren ba zato irin RuntimeException ya kuɓuce, kwantena mai kula da shi zai watsar da bin ɗin gaba ɗaya har da abin da ke cikinsa, kira na gaba sai ka ci karo da NoSuchEJBException. Maganin ka sa wa naka kuskuren @ApplicationException, in kana so a warware tiransakshan, wato a soke canje-canjen da kiran ya fara yi, ka ƙara rollback=true, bin ɗin kuma ya tsira. WCF, tsarin .NET na gina sabis, ita ma haka take, kuskuren da ba a kama ba yana lalata tashar mai seshon, amma in ka jefa FaultException tashar za ta ci gaba da aiki. In kuwa ta riga ta lalace kar ka wahalar da kanka da Close(), Abort() za ka kira ka buɗe sabuwa.

Ni dai ban yarda a bar muhimmin bayani a memori kaɗai ba, ajiye shi a ma'ajiyar bayanai irin Redis ko databes bayan kowane mataki ya yi nasara, ba kafin nan ba fa. Sannan in za ka sake gwada kiran da ya faɗi, haɗa shi da lamba ta musamman da sabar za ta gane cewa maimaici ne, don kar a cire wa mutum kuɗi sau biyu.