Kafin ƙanƙara ta sauka: gyaran gida ga sababbin zuwa Ontariyo

Shekarata ta farko a wani gari kusa da Toronto, a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, na bar mesar ban ruwa a jone da famfon da ke bangon waje. Ba wanda ya ce mini ana cire ta. Cikin Janairu ruwan da ya kwanta a bututun ya daskare, ya tsaga shi ta cikin bango, ni kuwa ban sani ba sai da gari ya ɗan sake, muka tashi da asuba muka tarar ɗakin ƙasa ya zama tafki. Kafet, buhun shinkafa, akwatunan da maiɗakina ta zo da su daga gida, duk sun sha ruwa. Da mai gyaran famfo ya gama, sai ya nuna mini wani ɗan makunni a jikin bututun, daga ciki. Aikin minti biyu ne a watan Oktoba: ka kashe shi, ka cire mesar, ka buɗe famfon waje ya tsiyaye. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, bututu kuwa ba ya buɗawa.

To 'yan'uwa, tun ran gini ran zane. Da kun ga ganye ya yi ja ya fara zuba, lokaci ya yi.

Ku kunna hitar gidan tun sanyi bai kankama ba, don in da matsala a samo mai gyara kafin layi ya yi tsawo. Tana da matatar iska da ake zarowa kamar faifai, girmanta a rubuce yake a gefe, irin 16x25x1. Ku ɗauki hotonsa ku je shagon Canadian Tire ko Home Depot, kuma a riƙa sauya ta duk wata ɗaya zuwa uku. Mai haya ya san haƙƙinsa: inda ɗumama gida yake wuyan mai gida, dokar Ontariyo ta ce daga 1 ga Satumba zuwa 15 ga Yuni kada ɗaki ya gaza digiri 20, wasu biranen ma sun ɗara haka. In kuna rawar ɗari, ku rubuta masa saƙo. Kawaici ba ya ɗumama yara.

Tagar da iska ke shigowa, akwai ledar da ake mannawa a busa da handiraya ta ɗame. Indararo kuma a kwashe ganyen da ya toshe shi, in ba ku saba hawa tsani ba ku biya a yi. Shebur da gishirin narkar da ƙanƙara a saya tun yanzu, don ranar da ta fara sauka wawa ake yi a kansu.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. A gida in hunturu ya yi tsanani, kasko ake cikawa da garwashi a shiga ɗaki da shi. Ɗakunanmu na can suna shan iska ta ƙasan ƙofa da rufi, duk da haka ana rasa rayuka. Gidan nan kuwa a toshe yake ruf kamar kwalba. Garwashi, janareta ko murhun gashi a cikinsa suna tara iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, sai dai ciwon kai, jiri, barci. A Disamban 2013, da ruwan ƙanƙara ya katse wa dubban gidajen Toronto lantarki kwana da kwanaki, an kwashi mutane da dama zuwa asibiti saboda wannan. Tun 2014 doka ta wajabta na'urar ƙararrawar wannan iska kusa da ɗakin kwana a duk gidan da ke ƙona gas, mai ko itace, ko mai gareji a jiki.

Hajiyoyinmu, ku yi mini afuwa. Na shiga gidaje fiye da ɗaya na ga ƙararrawar hayaƙi a kan firji, an zare batir, wai tana ihu duk lokacin da aka sa turaren wuta. Ku nemi kaskon turare na lantarki, ku ɗan buɗe taga, ƙararrawar kuwa a mayar da ita rufi. Lahadin farko ta Nuwamba, ranar da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, a sa mata sabon batir a danna a ji kukanta.

Masu zuwa gida hutun Disamba, kada tsimi ya sa ku kashe hita. Ku bar ta wajen digiri 15, ku rufe babban makunnin ruwa, ku duba takardar inshora, don da yawa sun sharɗanta a riƙa leƙa gidan in babu kowa. Ni maƙwabcina nake bar wa mukulli, in na dawo in kawo masa kilishin da na yi da kaina a nan, tunda nama ba ya wuce filin jirgi.