Yadda Ake Sayen Babur Mai Jure Rairayi a Sakkwato

Duk wanda aikinsa ke kai shi ƙauyukan Tangaza, Gada ko Wurno, ko malamin gona ne, ko ma'aikacin rigakafi, ko manomin albasa mai zirga-zirga tsakanin gari da fadama, ya san cewa babur ɗin 'yan kabu-kabu ba don rairayi aka ƙera shi ba. Bajaj Boxer yana da juriya, kayan gyaransa kuma suna ko'ina, amma cikinsa kusa yake da ƙasa. Baburan jeji irin su Yamaha AG200, Yamaha XTZ125 da Honda XR150L sun fi tsayi, tayoyinsu masu manyan haƙora ne, kuma tayar gaban XTZ125 inci 21 ce, wadda ke haye rami da kunya ba tare da ta kafe ba.

Kafin ka nemi dillali, fara zuwa wurin bakaniken da zai riƙa duba maka shi, ka tambaye shi ko ana samun fistin, kafireta da sarƙar irin wanda kake so a cikin gari, ko sai an aika Kano. A ganina wannan tambayar ta fi ta farashi muhimmanci, domin babur da zai yi mako uku a jingine yana jiran ƙaramin ƙarfe ba shi da amfani ga mai aikin ƙauye.

Idan na hannu ne, ka je da sassafe, ka taɓa injin ka tabbata a sanyaye yake, sannan a tayar da shi a gabanka. Injin da ya gaji yakan ɓoye aibinsa idan ya yi zafi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa alama ce ta cewa yana ƙona baƙin mai, sai dai idan irin Yamaha DT125 ne, wanda dama tare yake ƙona fetur da mai. Daga nan ka sa a buɗe matatar iska, domin ita ce ke ba da labarin babur a ƙasarmu. Ƙurar hunturu idan ta wuce ta, cikin injin take shiga ta riƙa cin fistin sannu a hankali, don haka in ka ga ƙura a bututun da ke bayan matatar, ka rage kuɗi sosai ko ka haƙura. Ka duba wuyan babur da ƙarƙashinsa ko akwai walda, ka ga ko ƙafafun gaba suna yoyon mai, ka kuma lura da haƙoran da sarƙa ke hawa, kada su zama sun yi tsini. Sarƙar AG200 a rufe take, abin da ke ƙara mata kwana a cikin yashi.

Gwaji a kan kwalta bai wadatar ba. Ka nemi lungu mai rairayi, ka shiga da giya ta biyu, ka ji ko kuloci yana zamewa.

Batun takardu kuwa, ba a yi masa sassauci. Tun daga 2021, lokacin da Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kafa dokokin taƙaita zirga-zirgar babura saboda 'yan bindiga, babur marar takarda ya zama abin zargi a shingen bincike. Ka karanta lambar injin da ta shasi da idonka, ka gwada su da abin da ke rubuce a rasit, a rubuta yarjejeniyar ciniki a gaban shaidu, sannan ka yi masa rajista da sunanka.

Bayan ya zama naka, ka sayi hular kwano, ka riƙa rage iskar taya kaɗan idan za ka shiga rairayi mai zurfi, ka mayar da ita in ka hau kwalta. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka riƙa sauya baƙin mai tun kafin lokacin da kamfani ya ƙayyade, domin iska kaɗai ke sanyaya waɗannan injuna.