Yadda za ki yi da yadin da bakinshi ke zarewa

Ƴan uwa masu koyon ɗinki, wannan matsala ta ci mini kuɗi kafin in gane kanta. Wata sallah na yi ma wata cliente doguwar riga ta satin da ta sayo a babbar kasuwar Yamai, wanki biyu kawai ɗinkin hammata ya buɗe, ba zarena ne ya tsinke ba, bakin yadin ne ya zare har ya iso kan ɗinkin, wallahi kunyar da na ji ranar har yanzu ina tuna ta.

Tun wurin yanka ake farawa. Almakashi ya zama mai kaifi, dakusasshe tauna yadi yake yi. Satin da lilin da duk mai sakin saƙa ki bar masu santimita 2 a baki, kar ki yi rowa, kuma kina gama yanka ki kama bakin nan take, kar ki tara su kan tebur ana ɗagawa ana ajewa. In kina da mashin ɗin sirfilaj, wato mai ɗinke bakin yadi don kar ya zare, ko keke mai zigzag shi ke nan.

To amma da yawanmu baƙin keken nan na ƙafa muke da shi, mai ɗinki miƙe kawai, shi ma yana yi. Ki haɗa ƙyallen biyu fuskarsu mai kyau tana waje, e waje, ki ɗinka rabin santimita daga baki, ki rage zarurrukan da suka fito da almakashi, ki juya ki goge sosai, sannan ki sake ɗinkawa ta ciki kamar santimita 1. Bakin ya shige cikin ɗinki ya ɓoye ke nan, ko an wanke sau nawa ba ya fitowa. Yana cin lokaci kam, amma a yadi marar kauri ni na fi yarda da shi. Ki matse tsawon ɗinkin kaɗan, ki sa allura siririya lamba 70.

Maganar ƙona bakin yadi da wutar kyandir kuma, leda-leda irin poliyesta ne kawai ke narkewa bakin ya kame, auduga kamar atamfa da shadda ci take da wuta. Ki gwada a guntun ƙyalle tukuna, kuma kar ki yi shi a wuya ko hammata don bakin yana tauri yana sukar fata, balle kayan yara.