Yadda Ake Awo da Girki a Murhun Maganaɗisu

Kafin ka ɗora tukunya a murhun lantarki mai aiki da maganaɗisu, ka manna maganaɗisu a gindinta. Idan ya kama za ta yi zafi, idan kuwa bai kama ba, kamar yadda ake gani a tukunyar alminiyam zalla, murhun ba zai dafa komai ba. Kada ka ajiye cokali ko wuƙa a kan gilashin saman murhun, domin ƙarfe yakan ɗauki zafi nan take, kuma idan gilashin ya tsage, ka kashe wutar daga soket.

Wajen awo, babban cokali mililita 15 ne, wato ƙananan cokula 3. Idan babu nono mai tsami, ka zuba babban cokali ɗaya na ruwan lemun tsami a kofin madara, ka bar shi minti 5, sai ka yi amfani da shi a madadin nonon.